Yadda Ake Amfani da File Explorer a Windows 10 da 11, da Yadda Za Ka Saita Shi Ya Dace da Aikinka

File Explorer shi ne wannan tambarin folda mai ruwan ɗorawa da ke kan sandar ƙasan allo. Ta cikinsa ake shiga duk wani fayil da ke kwamfuta, ko filash, ko wayar da aka jona. Kafin Windows 8 ta 2012 sunansa Windows Explorer ne, kuma har yau da wannan tsohon sunan yake bayyana a Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, abin da za mu buƙata nan gaba. Hanya mafi sauri ta buɗe shi ita ce riƙe maɓallin Windows a danna E.

Matakan da ke nan na Windows 11 ne, amma duk inda Windows 10 ta bambanta za a nuna, tunda kwamfutocin da ake sayowa na hannu da yawa ita suke ɗauke da ita, ko da yake Microsoft ya daina ba ta sabuntawa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Masu kwamfutar Faransanci a Nijar za su ga Affichage ko Afficher a wurin View, Ce PC a wurin This PC, Corbeille a wurin Recycle Bin, Maj a wurin Shift. Wuraren dai ɗaya ne.

Gyara na farko: sa shi ya nuna wutsiyar suna

Kowane fayil yana da wutsiya bayan ɗigo: .docx na Word, .xlsx na Excel, .pdf, .jpg na hoto, .mp3 na sauti, .exe na manhaja. Wutsiyar ce ke gaya wa Windows da me za ta buɗe fayil ɗin. Amma daga kamfani a ɓoye take zuwa, kuma wannan ɓoyewar ita ce ƙofar da mugayen manhajoji ke shigowa. Fayil mai suna sakamako.pdf.exe, idan wutsiya a ɓoye take, abin da za ka gani kawai shi ne sakamako.pdf. Ka danna shi da zaton takarda ce, ashe ka kunna manhaja.

A Windows 11, danna View a sama, ka je Show, ka sa alama a File name extensions. A Windows 10, shiga shafin View a sama, akwatin File name extensions yana can ɓangaren dama. A wannan wurin dai akwai Hidden items, mai bayyana ɓoyayyun fayiloli. Za su fito a dusashe, kamar an wanke su. Kunna shi idan kana neman wani abu, misali foldar AppData, ka kashe idan ka gama.

Abu ɗaya za ka kiyaye bayan wutsiya ta bayyana. Idan za ka canza sunan fayil, Windows tana shafa wa sunan kaɗai launi, ta bar wutsiyar. Kada ka goge ta. Idan ka taɓa ta, gargaɗi zai fito cewa fayil ɗin na iya daina aiki, danna No. Wanda kuma ya riga ya goge, fayil ɗin bai lalace ba, tambarinsa ne kawai zai koma farar takarda. Mayar da wutsiyar, komai ya dawo. Sannan canza .jpg zuwa .pdf da hannu ba ya mayar da hoto ya zama PDF. Kamar rubuta "gero" ne a jikin buhun dawa.

Folder Options

Nan ne ɗakin saiti. A Windows 11 danna ɗigo ukun nan da ke sama, ka zaɓi Options. A Windows 10 shiga View, ka danna Options a ƙarshen dama.

A shafin General, layin farko shi ne Open File Explorer to. Yana zuwa a kan Home, ko Quick access a Windows 10. Ga mai yawan jona filash da waya, This PC ya fi, domin da buɗewa zai ga C da D, wato wuraren ajiyar kwamfutar, da duk abin da aka jona, da ragowar filin kowanne. Ƙasa akwai Privacy. Akwatunan Show recently used files da Show frequently used folders su ne ke sa a riƙa jero duk abin da aka buɗe kwanan nan. A kwamfutar mutum ɗaya abin yana da amfani. A kwamfutar shago ko ofis da hannu da yawa ke taɓawa, tona asiri ne: kowa ya zauna sai ya ga sunan takardar wanda ya tashi. Cire alamun, ka danna Clear.

A shafin View akwai dogon jeri, amma waɗanda suka cancanci taɓawa kaɗan ne. Expand to open folder, can ƙasa a sashen Navigation pane, yana sa jerin hagu ya riƙa bin ka duk foldar da ka shiga, ka san inda kake. Always show icons, never thumbnails yana hana nuna ƙananan hotunan samfoti. Tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB da ke nishi idan an buɗe foldar hotunan biki za ta sami sauƙi da shi, amma mai aikin hoto ba zai jure ba. Launch folder windows in a separate process yana raba tagogin folda da sauran fuskar Windows, ta yadda idan taga ɗaya ta sandare ba lallai ta ja sandar ƙasa da ita ba. Shi kuwa Hide protected operating system files, bar shi da alamarsa. Idan ka cire za ka fara ganin desktop.ini ko'ina da wasu fayilolin Windows, kuma hannu zai yi ƙaiƙayin gogewa.

Yadda fayiloli ke jeruwa

Akwai salon nuni takwas, daga manyan tambura zuwa jeri. Riƙe Ctrl ka murza tayar linzami, za ka ga suna sauyawa. Na aiki shi ne Details, wanda Ctrl da Shift da 6 ke kawowa: kowane fayil a layinsa, da sunansa, ranar da aka gyara shi, irinsa da girmansa. Danna kan kowane ginshiƙi ya jera su bisa shi, sake dannawa ya juya jerin.

Danna dama a kan layin sunayen ginshiƙan, za ka iya ƙara wasu ko ka cire. More yana buɗe cikakken jeri. Ga foldar karatuttuka da wa'azi, ƙara Length ka ga tsawon kowane sauti ba tare da ka buɗe shi ba. Ga hotuna, Date taken ya fi Date modified gaskiya, domin shi ne ranar da kyamara ta ɗauka. A kula da bambancin Date created da Date modified: idan ka kwafi fayil zuwa wani wuri, kwafin yana samun sabuwar ranar Date created, amma yana riƙe tsohuwar Date modified. Shi ya sa za ka ga fayil da aka "gyara" shekara biyu kafin a "ƙirƙire" shi. Ba kuskure ba ne. Ginshiƙin Size kuma ba ya nuna girman folda, na fayil kaɗai yake nunawa. Don ganin na folda, zaɓe ta ka danna Alt da Enter.

Yanzu matsalar da ke ba mutane haushi: ka gyara folda ɗaya tsaf, ka shiga ta gaba ka tarar ba abin da ya canza. Dalili shi ne Windows tana riƙe saitin kowace folda daban, kuma ta kasa foldoji gida biyar: General items, Documents, Pictures, Music, Videos. Ga yadda ake yi:

1. Shiga wata folda ta gaske, ba Home ko Quick access ba, ka saita ta yadda kake so.
2. Daga cikinta buɗe Options, ka shiga shafin View.
3. Danna Apply to Folders, ka amsa Yes.

Wannan zai shafi foldoji irin wadda kake ciki ne kaɗai. Idan ta General items ce, foldojin hotuna ba za su canza ba, sai ka shiga ɗaya daga cikinsu ka maimaita. Idan ka ga Apply to Folders a dusashe ba ya dannuwa, daga wurin da ba folda ba ka buɗe Options.

Windows da kanta take hasashen gidan da folda take, bisa abin da ke ciki, kuma takan yi kuskure. Danna dama a kan foldar, Properties, shafin Customize, a ƙarƙashin Optimize this folder for ka zaɓi wanda kake so. Sa alama a Also apply this template to all subfolders idan kana son ƙananan foldojin ciki su bi. Wannan shi ne maganin foldar Downloads mai jinkirin buɗewa, wadda koren layi ke ta rarrafe a sama: sau da yawa an ɗauke ta a matsayin ta hotuna ko bidiyo, ana ta ƙoƙarin karanta kowane fayil. Mayar da ita General items. A shafin dai akwai Change Icon, na sauya tambarin folda don a gane ta da kallo ɗaya.

Downloads tana kuma zuwa a karkashe: Today, Yesterday, Last week. In ba ka so, a Windows 11 danna Sort, Group by, None. A Windows 10 yana cikin View.

Alt da P yana buɗe gefen samfoti, inda za ka leƙa hoto ko takarda ba tare da ka buɗe ba. Sai dai wani lokaci shi ne ke riƙe fayil, ka je gogewa ko canza suna a ce maka ana amfani da shi. Rufe gefen ka sake gwadawa.

Kwafi, yankewa, da ja da linzami

Zaɓi tukuna. Ctrl da A ya kwashe duka. Danna na farko, riƙe Shift ka danna na ƙarshe, duk na tsakani sun shiga. Riƙe Ctrl ka riƙa dannawa ɗai-ɗai don tsince waɗanda kake so. Ctrl da C kwafi, Ctrl da X yankewa, Ctrl da V liƙawa, Ctrl da Z janye abin da ka yi na ƙarshe.

Ja da linzami yana da ƙa'idar da yawancin mutane ba su sani ba. Idan ka ja fayil daga folda zuwa folda a cikin faifai ɗaya, misali duk a C, ƙaura yake yi, ya bar wurinsa na farko. Idan ka ja daga C zuwa filash ko zuwa D, kwafi ake yi. Riƙe Ctrl yana tilasta kwafi, Shift yana tilasta ƙaura, Alt yana yin gajeriyar hanya kawai, wato Shortcut, tambarin da ke kai ka ga fayil ɗin, ba shi kansa ba. Wanda ba ya son haddace wannan ya ja da maɓallin dama na linzami. Da ya saki, za a tambaye shi Copy here ko Move here. Yawancin foldojin da ake cewa sun ɓata haka kawai, hannu ne ya zame aka ja su cikin maƙwabciyarsu. Idan yanzu abin ya faru, Ctrl da Z. Idan an jima, leƙa foldar da ke samanta da wadda ke ƙasanta kafin ka ɗaga hankalinka.

Game da yankewa: a cikin faifai ɗaya ƙaura nan take ce ko da fayil ɗin 20GB ne, domin adireshinsa kawai aka sauya. Tsakanin faifai biyu kuwa, kwafa ake yi sannan a goge na asali. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, kuma kwamfutar tebur ba ta da UPS, aikin na iya tsayawa a tsakiya, rabi nan rabi can, da fayil ɗaya da bai kammala ba. Saboda haka manyan kaya kada a yanke su. Kwafa, ka duba Properties na foldojin biyu ka ga adadin fayiloli da girmansu sun yi daidai, sannan ka goge na farko.

Idan aka tarar da mai suna iri ɗaya a inda za ka liƙa, zaɓi uku ke fitowa: Replace, Skip, ko Compare info for both files. Replace yana danne tsohon, kuma ba ya zuwa kwandon shara. Idan kana shakka, zaɓi Compare, ka sa alama a ɓangarorin biyu. Za a ajiye duka, sabon ya sami lamba a ƙarshen sunansa.

Daga sigar 22H2 ta Windows 11, File Explorer yana da shafuka irin na burauza. Ctrl da T ya buɗe sabo, Ctrl da W ya rufe. Ja fayil ka tsaya da shi a kan sunan wani shafi, zai buɗe, ka saki a ciki. A Windows 10 babu wannan: buɗe taga ta biyu da Ctrl da N, ka tura ɗaya hagu da maɓallin Windows da kibiyar hagu, ɗaya dama.

Gogewa

Delete yana kai fayil Recycle Bin, inda Restore ke mayar da shi wurinsa. Shift da Delete ba ya bi ta nan. Haka nan abin da aka goge daga filash ko memori ko foldar da ke wata kwamfuta ta hanyar netwok, ba ya shiga kwandon, ko da Delete kaɗai aka danna. Fayil ɗin da ya fi girman da aka ware wa kwandon shi ma kai tsaye yake tafiya, bayan tambaya ɗaya. Danna dama a kan Recycle Bin, Properties, ka sa alama a Display delete confirmation dialog idan kana son a riƙa tambayarka kowane lokaci. Kuma kwandon ba ma'aji ba ne: idan Storage Sense, saitin Windows mai share tarkace da kansa, a kunne yake, saitinsa na asali shi ne share abin da ya wuce kwana 30 a ciki.

Raɗa suna

Ctrl da Shift da N sabuwar folda. F2 canza suna. Idan ka rubuta suna, maimakon Enter danna Tab, zai tsallaka da kai fayil na gaba a shirye don rubutu. Don sa wa da yawa suna ɗaya, zaɓe su duka, F2, rubuta misali Walima, Enter. Za su zama Walima (1), Walima (2), har ƙarshe.

Alamomi tara ba sa shiga suna: \ / : * ? " < > |. Ke nan ba za a iya rubuta kwanan wata da sanda mai karkata ba, kuma hakan alheri ne, domin tsarin da ya fi shi ne shekara, wata, rana: 2025-03-14 Rasit ɗin haya. Da wannan, jera su bisa suna ya zama jera su bisa lokaci. Ƴan sunaye kamar CON, PRN, AUX da NUL an keɓe su tun zamanin DOS, ba za a karɓa ba. Ga jerin sauti da za a saurara a rediyon mota ko ƙaramar sifika, fara da 001, 002. File Explorer ya san 2 tana gaban 10, amma na'urori da yawa za su kawo 10 bayan 1.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ, Windows tana karɓarsu a suna ba matsala. Sai dai a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne daban, don haka kada ka dogara cewa neman "kasa" zai fito da "ƙasa". Tsofaffin na'urori kuma kan nuna su a matsayin akwati ko alamar tambaya. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kai, musamman a ofis da mutane da yawa ke ajiya wuri ɗaya.

Akwai kuma iyakar tsawo. Cikakken adireshin fayil, daga C har wutsiya, idan ya kai haruffa 260, File Explorer yakan ƙi kwafa ko gogewa, ya ce suna ya yi tsawo. Folda cikin folda har hawa goma, kowace da dogon suna, ita ke jawo haka. Gajarta sunan foldojin sama, ko ka matsar da foldar kusa da bakin faifai.

Nema

Akwatin nema yana duba foldar da kake ciki ne da na ƙarƙashinta. Shiga wuri mafi kusa da inda kake zato kafin ka danna Ctrl da F. Nema daga This PC na iya cin mintuna. Rubuta *.pdf ya fito da duk PDF. Rubuta kind:picture ya kawo hotuna, datemodified:this week ya kawo abin da aka taɓa a makon nan, size:>500MB ya tono manyan fayilolin da suka cinye fili. Ana iya haɗawa: rasit *.pdf datemodified:this month. Idan sakamako ya fito, danna dama ka zaɓi Open file location ka ga inda abin yake zaune.

Saurin nema ya dogara ga fihirisar da Windows ke ginawa, wadda daga asali foldojin mai kwamfuta ta fi rufewa, irin su Documents da Pictures da Desktop. Idan a D kake ajiya, rubuta Indexing Options a Start, danna Modify, ka sa wa foldarka alama. Idan nema ya fara tsallake fayilolin da ka san suna nan, a wurin dai shiga Advanced ka danna Rebuild, ka bar kwamfutar a kunne ta gama.

Gefen hagu, da ƙaurar Documents zuwa D

Foldar da kake shiga kullum, danna dama a kanta ka zaɓi Pin to Quick access, ta zauna a hagu. Unpin yana cire ta daga jerin ne kawai, ba ya goge komai. Idan kana son tsohon jerin danna-dama na Windows 10 a Windows 11, yana ƙarƙashin Show more options. A can ne Send to yake, kuma za ka iya ƙara masa wuri: rubuta shell:sendto a sandar adireshi, ka ajiye gajeriyar hanyar foldarka a ciki.

Desktop, Documents, Downloads da Pictures duk a C suke, ƙarƙashin Users. Ranar da Windows ta ƙi tashi aka kai wa mai gyara ya yi fomatin, da su ake tafiya. Idan kwamfutar tana da D:

1. Buɗe sabuwar folda a D, ka sa mata suna, misali Takardu.
2. Danna dama a kan Documents, Properties, shafin Location.
3. Danna Move, ka zaɓi foldar da ka buɗe, Apply.
4. Da aka tambaye ka ko a kwashe tsofaffin fayiloli zuwa sabon wuri, amsa Yes.

Mataki na farko ba na ado ba ne. Wanda ya zaɓi D kanta ba tare da folda ba, faifan gaba ɗaya zai zama Documents, kuma warware wannan yana da wahala. Haka kada a tura Documents da Downloads folda ɗaya, za su cakuɗe. Idan ƙaurar ta ƙi, duba ko OneDrive, ma'ajin Microsoft na intanet, shi ne ke riƙe da foldar. Sai an kashe ajiyarta a saitin OneDrive tukuna. A sani kuma, a yawancin kwamfutoci C da D yanki biyu ne na faifai guda. D na tsira daga fomatin, amma idan faifan ya mutu tare suke tafiya.

Tunda an ambaci OneDrive: fayil mai alamar shuɗin gajimare sunansa ne kawai a kwamfutarka, jikinsa yana intanet, ba zai buɗe ba sai da data. Mai koren maki yana nan a ƙasa. A jerin danna-dama, Always keep on this device ya sauko da shi dindindin, Free up space ya mayar da shi gajimare. Filin kyauta 5GB ne, kuma ga mai jona kwamfuta da datar waya, foldar bidiyo guda da ta shiga OneDrive ta isa ta shanye datar wata.

Filash da waya

Filash mai filin 20GB ya ce fayil ɗin 5GB ya yi masa girma? Tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB. Danna dama, Properties, za ka ga File system. Magani shi ne kwashe kayan ciki, a yi Format zuwa exFAT. Fomatin yana share komai, kuma wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suke karantawa, don haka a duba inda za a yi amfani da shi tukuna.

Sai bairos ɗin nan da filash ke kwasowa a shagunan buga takardu: ka buɗe ka tarar foldojinka sun koma tambura masu ƴar kibiya, ko filash ɗin da kansa ya bayyana a cikin kansa. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke kunna shi. A salon Details, ginshiƙin Type zai nuna Shortcut, girmansu bai wuce 1KB ko 2KB ba. Kayanka ɓoye su aka yi, kuma Properties na filash ɗin zai nuna har yanzu filin a cike yake. Fara da danna dama a kan filash, ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. Sannan duba harafinsa, mu ce E. Danna sandar adireshi, rubuta cmd, Enter, a baƙar tagar ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan yana cire alamun ɓoyewa daga duk fayiloli da foldojin E. Tabbatar da harafin sau biyu, kada a yi shi a kan C. Kayan kan dawo a wurinsu, ko a cikin wata folda marar suna. Goge gajerun hanyoyin da duk wani baƙon fayil mai wutsiyar .vbs, .js ko .exe da ba kai ka sa ba. Idan ka cire filash ka mayar abin ya dawo, kwamfutar ce ta kamu, ita za a yi wa cikakken bincike.

Wayar Android idan an jona ta, caji kawai take yi har sai an buɗe makullinta, an ja sanarwar USB, an zaɓi File transfer. Za ta fito a This PC ba tare da harafi ba. In ba ta fito ba, sauya igiya. Da yawa na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Hotunan kyamara suna DCIM. Na WhatsApp, a sababbin wayoyi, suna Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media. A nan ma kwafa, kada ka yanke, kuma ka ɗebo kaɗan-kaɗan, domin hanyar tana yawan katsewa idan fayiloli sun kai dubbai. Filash kuwa, danna dama ka zaɓi Eject kafin zarewa. Idan aka ce ana amfani da shi, akwai takarda ko taga da ke buɗe daga cikinsa.

Idan ya sandare

Taga ta yi fari, an rubuta Not responding, ko sandar ƙasa ta daina amsawa: ba sai an kashe kwamfuta ba. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe. Nemi Windows Explorer a jerin Processes, danna dama, Restart. Allon zai ƙifta, tagogin folda su rufe, amma Word da burauza da sauran manhajoji ba abin da zai same su. A tabbata dai babu kwafin da ke tafiya, domin zai yanke. Idan allon ya zama wayam babu tambari ko ɗaya, a Task Manager zaɓi Run new task, wanda a Windows 10 yake ƙarƙashin File, rubuta explorer.exe, Enter.

Idan folda ɗaya ce kullum ke sandarar da shi, galibi akwai lalataccen bidiyo ko hoto a ciki da ake ƙoƙarin yi wa samfoti. Kunna Always show icons, never thumbnails, ka shiga a salon Details, ka riƙa fitar da fayilolin rabi-rabi har ka gano shi. Idan ƙananan hotunan ne suka rikice, na wannan ya hau kan wancan ko suka yi baƙi, buɗe Disk Cleanup, zaɓi C, sa alama a Thumbnails, OK. Windows za ta sake gina su. Idan kuma a danna-dama kaɗai yake maƙalewa, zargi manhajar da aka saka kwanan nan wadda ta ƙara layinta a jerin, irin masu matse fayil ko masu sauya PDF. Cire ta daga Settings, sashen Apps, ka sake kunna Windows Explorer daga Task Manager, ka gwada danna-daman a kan fayil ɗin da ya saba maƙalewa.